Babi na 5: Karɓar Baƙon 'Yan Kwanaki da Yadda Ake Magana da Shi

Iyayena da yayyena, sannunku da ƙoƙari. A babin da ya wuce mun ɗauki hoton ɗaki mun saka a manhaja, yanzu saura baƙon kansa, kuma nan ne aikin yake. Mutum ne da baku taɓa gani ba, ƙila ma baya jin yarenku, zai kwana biyu ko uku a gidanku ya kama gabansa, kuma duk abinda zai shiga tsakaninku kafin ya iso a rubuce yake cikin waya. Manhajojin bada hayar ɗaki da zaku fi cin karo dasu su ne Airbnb, da aka fara a 2008 a birnin San Francisco na Amurka, da Booking.com wadda ta taso daga ƙasar Holan tun 1996. Ko wacce kuke amfani da ita, darasin ɗaya ne. Ku ɗauko littafinku da biro da kalanda ku ajiye kusa, zamu buƙace su tun daga layin farko.

Darasi na 1: Abu huɗu da ake nema a cikin saƙo

Waya tayi ƙara, wani yana son ɗakinku. Kar ku danna komai tukuna. Ku nemi wuri ku zauna, in kuna sa tabarau ku saka, sannan ku buɗe saƙon ku nemi abu huɗu: sunan baƙo, ranar da zai shiga, ranar da zai fita, da mutum nawa ne zasu zo. Ranar shiga ita ake fara rubutawa, ranar fita tana biye da ita. Ku ɗora yatsa akan ta farko ku karanta da ƙarfi yadda kunnenku zai ji, ku rubuta a littafi. Ku ɗora yatsa akan ta biyu, ku karanta, ku rubuta. Sannan ku koma ku sake karanta su duka biyun kuna gwadawa da abinda kuka rubuta. Babu kunya a karatu sau biyu, wanda ya daɗe a sana'ar ma haka yake yi.

Yanzu lissafin kwana, kuma a nan mutane da yawa suke tuntuɓe. Ace baƙo ya rubuta zai shiga 10 ga Afrilu ya fita 13 ga Afrilu. Kwana nawa kenan? Da yawanku zaku ƙirga 10, 11, 12, 13 kuce huɗu. Uku ne. Zai kwana ranar 10, ya kwana ranar 11, ya kwana ranar 12, ranar 13 da safe ya ɗauki jakarsa ya tafi, bai kwana ba. Ku ɗauki kalanda ku zana da'ira akan 10 da 11 da 12, akan 13 kuma ku ja ɗan layi kawai. Da'irar ake ƙirgawa. Ranar layi ɗakin zai iya karɓar wani baƙon da yamma, in kun samu kun gyara shi.

Ku lura da sunan wata sosai. In wayarku a Turanci take, tana gajarta watanni zuwa harafi uku, kuma Jun da Jul harafi ɗaya ne ya raba su, na ƙarshe. Na farko Yuni ne, na biyu Yuli. Haka Mar da May, Maris da Mayu kenan. Wata dattijuwa a ajinmu ta share ɗaki tas, ta shimfiɗa sabon zanin gado, ta jera tawul, ta zauna bakin ƙofa tun la'asar har dare tana leƙen hanya, ashe baƙon nata sai wata mai zuwa. Ita tata da sauƙi, wahala kawai tasha. Wanda ya karanta akasin haka shi ne baƙo zai tsaya masa a ƙofa da kaya da yara, alhali akwai wani a cikin ɗakin.

Gwaji: baƙo zai shiga 28 ga Yuni ya fita 2 ga Yuli. Yuni kwana 30 ne. Ku zana da'irarku ku ƙirga. In kun samu huɗu, madalla, kun kama hanya. In kun samu biyar, ba komai, ranar fita kuka saka a lissafi, ku goge ku sake.

Darasi na 2: Ku maimaita wa baƙo abinda kuka gane

Wannan darasin shi ne zuciyar babin gaba ɗaya, dan Allah kar ku tsallake shi. Bayan kun rubuta abu huɗun nan a littafi, ku mayar wa baƙo dasu a rubuce, ya tabbatar da kansa. Ga yadda ake yi, ku kwafa a shafin farko na littafinku:

"Sannu, mun gode da ka zaɓi gidanmu. Zaka shiga ranar Alhamis 10 ga Afrilu, daga ƙarfe 3 na yamma. Zaka fita ranar Lahadi 13 ga Afrilu, kafin ƙarfe 11 na safe. Kwana uku kenan, mutum biyu. Haka ne? Kuma kamar ƙarfe nawa kake sa ran isowa?"

Kun ga an rubuta sunan rana, an rubuta sunan wata, ba lamba zalla ba. Dalili kuwa, in kuka rubuta 03/04, mutumin Amurka zai karanta 4 ga Maris saboda su wata suke fara sawa, mutumin Ingila ko Faransa kuma zai karanta 3 ga Afrilu, kowa yana ganin shi ne daidai, kusan wata guda a tsakani. Saboda haka sunan wata da haruffa, ko yaushe, ko da baƙon ne ya turo muku da lamba, ku ku mayar masa da suna ku tambaye shi haka ne?

Agogo ma yana da nasa tarkon. Zaku ga 15:00 kuce yaushe agogo ya kai sha biyar. Duk lambar da ta wuce 12, ku cire 12 daga cikinta: 15 a cire 12 saura 3, ƙarfe uku na yamma kenan. 20:00 ƙarfe takwas na dare. 11:00 kuma tana nan yadda take, sha ɗaya na safe. Mafi haɗari ita ce irin 00:30. Baƙo yace jirginsa zai sauka 00:30 ranar 11 ga wata, wannan sha biyu da rabi na dare ne, a daren da ranar 10 take ƙarewa, kafin garin 11 ya waye. To in kamun da yayi daga 11 ga wata ya fara, ɗakin ba nasa bane sai ƙarfe uku na yammar 11, shi kuma zai iso tun tsakar dare yana ƙwanƙwasa ƙofa. Ku faɗa masa tun yanzu cikin mutunci ya ƙara kwanan ranar 10 in ɗakin babu kowa. Yawancinsu godiya zasu yi, don su ma basu lura ba.

Nasan wasunku sun fi son saƙon murya saboda rubutu na cin lokaci. Kuyi muryar in kuna so, amma rana da wata da ƙarfe ku rubuta su. Murya tana wucewa, in gardama ta taso babu mai zama yana neman inda kuka faɗa.

In baƙo baya jin yarenku, Google Translate tana da Hausa. Ku rubuta gajerun jimloli, magana ɗaya a layi ɗaya, banda karin magana, banda gajarta kalmomi, domin na'ura bata gane habaici, zata juya muku zance ya zama wani abu daban. Bayan ta fassara ku duba lambobin ko suna nan yadda kuka saka su.

Mu sake tun daga farko: a karanta sau biyu, a rubuta a littafi, a zana da'ira a kalanda, a maimaita wa baƙo da sunan wata, a jira yace eh. Kafin ya amsa, magana bata ƙare ba.

Darasi na 3: Saurin amsa, da zama cikin manhaja

A Airbnb in baƙo ya nemi ɗaki, awa 24 kuke da ita ku karɓa ko ku ƙi, in ta wuce buƙatar ta mutu, kuma manhajar tana lissafa muku. Masu lambar yabo ta Superhost dole su riƙa amsa aƙalla kashi 90 cikin 100 na saƙonni cikin wannan lokacin, taurarin da baƙi suke basu a matsayin maki kuma kar su gaza 4.8 cikin 5. Ku duba waya da safe, da rana, da kafin ku kwanta. Ko baku da cikakkiyar amsa ku rubuta "na ga saƙonka, zan amsa maka kafin ƙarfe 6 na yamma", kuma ku cika.

Haba jama'a, ga wani abu da nake ta faɗa amma wasu kamar ana zuba ruwa a kwando. Baƙo yace ku bar manhaja ku koma WhatsApp zai turo kuɗin kai tsaye, ku kuma kuna murna kun tsira daga kamasho. In ya fasa zuwa wa zaku kama? In ya turo hoton rasit na ƙarya fa? In ya fasa gilashi ya gudu? Airbnb ta hana biyan kuɗi a bayan fage, kuma abinda ya faru a wajenta bata san dashi ba. Duk wanda ya turo muku wani adireshin intanet yace ku danna ku saka lambar sirrinku don ku karɓi kuɗi, ɓarawo ne, kar ku danna, kar ku amsa. Ku manya ne, da guminku kuka gina ɗakin nan, bai kamata wani daga nesa ya wanke ku da layi biyu ba.

Kuma sauri ba hujjar tsallake darasi na 2 bane. Naga masu danna "na karɓa" cikin minti ɗaya basu ko kalli wata ba. Ku karanta ranar tukuna. Ku rubuta. Sannan ku danna.

Darasi na 4: Kwatancen gida da makulli

Ku kun san gidanku ko ido a rufe, shi bai sani ba, kuma ƙila da dare zai iso, a gajiye, cajin wayarsa ya kusa ƙarewa. "Kusa da babbar bishiya" ba kwatance bane. Ku tura masa cikakken adireshi, da alamar wurin a Google Maps, da hoton ƙofar gida daga waje kamar yadda mai tahowa zai ganta, launin ƙofa, hawa na nawa, ɗaki na dama ko na hagu. In makulli a ɗan akwati mai lamba yake, ku ɗauki hoton akwatin, ku rubuta lambar, ku je ku gwada ta da hannunku kafin ku tura, kuma ku canza ta bayan kowane baƙo. Lambar sirrin intanet ɗin gida ku rubuta ta a takarda ku manna a bango, manyan haruffa a matsayin manya, ƙanana a matsayin ƙanana, ku bambanta sifili da harafin O.

Wannan saƙon kwana biyu kafin zuwansa ake turawa. A samansa me zaku fara rubutawa? Ranar shiga da sunan wata da ƙarfe. Eh, kuma dai. Wanda ya gaji da jin wannan ya yi haƙuri, ba zan daina ba sai naga littattafanku sun gyaru.

Darasi na 5: Dokokin gida

Ku rubuta su tun kafin a kama ɗaki, gajeru: shan taba, dabbobi, ƙarfe nawa ake rage hayaniya, mutum nawa aka yarda su kwana. Dokar da baku rubuta ba kar ku tsammaci baƙo ya san ta. Airbnb ta haramta shagalin taro a gidajen haya tun 2022, haramci na dindindin, kuma daga 30 ga Afrilu 2024 ta hana kyamarar tsaro a cikin gida kwata-kwata, ko a falo ne. Ku kuma tambayi dokar garinku, domin wasu biranen suna da iyaka, a Landan misali kwana 90 ne a shekara in gida sukutum ake bayarwa ba tare da izini na musamman ba.

Darasi na 6: In baƙo ya kawo ƙorafi

Ruwan zafi ya ƙi zuwa, ko fanka ta tsaya. Kar ku fara da kare kanku. Ku bashi haƙuri, ku faɗi ƙarfe nawa mai gyara zai zo, ku rubuta a cikin manhaja. Kar ku shiga ɗakin sai da izininsa. In ranku ya ɓaci ku ajiye wayar ku sha ruwa kafin ku amsa.

Darasi na 7: Ɓarna

Ku ɗauki hoton ɗaki kafin ya shiga da bayan ya fita. A Airbnb kwana 14 kuke dasu bayan fitarsa ku nemi diyya. Ku ƙirga a kalanda yadda muka koya.

Darasi na 8: Sharhi

Sharhi shi ne ra'ayin da kuke rubutawa akan baƙo bayan ya fita, a Airbnb shi ma kwana 14 ne. Ku faɗi gaskiya a layi biyu, banda zagi.

Aikin gida: baƙo zai shiga 30 ga Mayu, 16:00, ya fita 3 ga Yuni, mutum uku. Ku rubuta masa saƙo irin na darasi na 2, ku zo da littafin da kalandar ranar aji.