Darasi na 9: Yadda za ka sa shirin kwamfutar da ka rubuta ya taɓa tagar wata manhaja

To jama'a, yau abin da za mu koya ba wuya gare shi ba, sai dai yana son natsuwa. Duk manhajar da ka buɗe a kwamfuta mai Windows, ko Notepad ne ko Excel, tana fitowa ne a cikin taga, wasu su ce windo. Kuma kowace taga Windows na ba ta lamba tata ta kanta, masu harkar suna kiranta HWND. Kamar dai lambar layi ce da ake ba ka a banki, yau ka samu 14 gobe in ka dawo wata daban za a ba ka, haka ita ma tagar, ka rufe ta ka sake buɗewa lambar ta canza. Don haka kar wanda ya rubuta ta a takarda ya ce ya ajiye.

Matakin farko shi ne nemo lambar. Akwai umarni mai suna FindWindow, yana zaune cikin fayil ɗin user32.dll, masu yaren Python kuma suna samunsa ta wani ƙarin kunshi mai suna pywin32. Kana ba shi sunan da ke rubuce a saman tagar, ko sunan ajin tagar, wato sunan irin tagar wanda ba ya canzawa ko da rubutun samanta ya canza, shi kuma ya dawo maka da lambar. In bai gani ba sai ya ba ka sifili.

A nan fa nake so mu tsaya. Wani ɗalibinmu da ke buga wa mutane takardu a shago a Agege ya zo min ranar Asabar ransa a ɓace, wai Malam jiya shirin ya yi aiki yau ya ƙi, ko bairos ne. Na ce buɗe mu gani. Ashe ya riga ya fara rubutu a Notepad ɗin bai ajiye ba, sai wani ɗan tauraro ya fito a gaban sunan tagar, shi kenan suna ya canza, FindWindow kuwa cikakken suna yake so, ɗigo ɗaya ya bambanta ba zai gane ba. Muka cire sunan muka sa ajin tagar kawai, wato Notepad, nan take ya kama. Har ya fara shirin kai na'urar kasuwar Computer Village a Ikeja, da an caje shi kuɗin banza ga kuɗin danfo. Shi ya sa kullum ka sa shirinka ya duba tukuna, in sifili ne ya tsaya ya gaya maka.

Lamba ta samu, sauran duk sauƙi. ShowWindow na ɓoye taga ko ya fito da ita. MoveWindow na matsar da ita, kana ba shi inda za ta fara da faɗi da tsayi, kuma lissafin daga kusurwar sama ta hagu yake farawa, nan ne 0 da 0. In allonka 1366 ne a faɗi, rabinsa 683, ka ga za ka iya ajiye Notepad a hagu Excel a dama. SendMessage da saƙon WM_CLOSE kuwa roƙon tagar yake ta rufe, ba dole yake mata ba, tana iya tambaya ko a ajiye aiki.

Abu biyu za su ba ka haushi. SetForegroundWindow wani lokaci ba ya kawo tagar gaba, sai dai ka ga alamarta tana ƙyaftawa a ƙasa, da gangan Windows ta yi haka don kada a riƙa ƙwace wa mutum allo yana cikin rubutu. Sannan tun daga Windows Vista, shirin da ba shi da iko na musamman ba ya iya aika saƙo ga tagar da aka buɗe da ikon admin, wato ikon mai kula da kwamfutar, sai shi ma an ba shi ikon.

Aikin gida: buɗe Notepad, nemo lambarsa ka rubuta, rufe ka sake buɗewa ka sake nema. Ku zo da lambobin biyu mako mai zuwa, Hajiya ke ma har da ke, ba a ɗauke wa kowa ba.