Ɗaga ƙarfe bayan shekara 40: yadda za ka gyara tsarinka

Tambaya ta yi yawa kan yadda wanda ya haura 40 zai riƙe tsokarsa kada ta zube. Ga matakan:

1. Fara da auna hawan jininka a asibiti ko kemis.
2. Mayar da atisaye kwana 3 a mako, da hutun kwana ɗaya tsakani.
3. Ɗumama jiki minti 10, musamman kafaɗa da gwiwa.
4. Zaɓi nauyin da za ka ɗaga sau 8 zuwa 12 a jere, ka maimaita haka har zagaye 3.

Hattara, a nan ake jin rauni. Don Allah kada ka yi gasa da samarin wurin atisaye, jijiyarka ba ta warkewa da wuri kamar tasu.

5. Fitar da numfashi lokacin ɗagawa. Riƙe shi na sa jini ya hau.
6. Sauke ƙarfen a hankali.
7. Ware wa ƙafafu rana guda. Su aka fi mantawa, kuma su za su ɗauke ka a tsufa.
8. Sa ƙwai, wake, awara ko kifi a kowane cin abinci.
9. Yi barcin awa 7.
10. In ɗagawa sau 12 ta zo da sauƙi, ƙara kilo 1 ko 2.

Gaɓa ta yi suka, ajiye ƙarfen. Ciwon ƙirji ko jiri kuwa, sai likita.