Yadda za ki zaɓi abin sha da zai hau da abincin biki, tun daga zoɓo har kwalbar wayin

Salam 'yan uwa mata, musamman ke da biki ya taso maki gaba ko suna ko walimar sauka. Abin da na lura da shi a bukukuwanmu nan Katsina shi ne za a zauna sati guda ana lissafin shinkafa buhu nawa, kaji nawa, wa za ta yi waina wa za ta yi sinasir, amma maganar abin sha sai ana gobe biki wata ta ce af, ba a sawo lemo ba, a tura yaro ya jido duk abin da ya ishe a shago. Shi ya sa za ki ga an ajiye ma baƙi farfesun kayan ciki mai uban yaji sannan an dire masu lemon kwalba mai gas, mutum ya kurɓa bakinshi ya ƙara kamawa da wuta. Ki fara tsaida abincin tukuna, shi zai gaya maki abin shan da za ki tanada.

Abu ukku kawai za ki duba a kowane abinci, maiƙonshi da yajinshi da zaƙinshi.

Abinci mai maiƙo abin sha mai tsami yake so. Waina da miyar taushe wadda ta ji gyaɗa da man shanu, jalof ɗin biki wadda mai ke ƙyalli a kanta, soyayyen naman rago, funkaso, samosa da sauran kayan suya, duk waɗannan maiƙonsu kan kwanta a harshe, loma biyar shidda mutum ya ji ya gundura. Tsami shi ke wanke bakin ya dawo da sha'awar ci. Nan ne zoɓo ya fi kowa, sai lemon tsamiya, sai lamurje in kina da wadda ta iya haɗa shi. Amma fa zoɓon da ya amsa sunanshi nake nufi, wanda tsaminshi bai mutu ba. Yanzu an shigo da wata ɗabi'a ta zuba sukari da fulebo kala ukku har zoɓo ya koma kamar alawar yara, irin wannan ba ya wanke komai, ƙara nauyi yake a baki. Ki dafa shi da citta da kanumfari da ɓawon abarba wanda kika wanke sosai, ki tace, sukari ki sa kaɗan kaɗan kina ɗanɗanawa, kuma ki ɗanɗana shi bayan ya yi sanyi saboda sanyi na rage jin zaƙi, abin da kika ji daidai da ɗumi zai iya yi maki salam in ya sha ƙanƙara. Wasu na jefa kanwa don ta kashe tsami, tana kashewa kam, amma tana juya jan ya yi duhu, in ta yi yawa har wani ɗanɗano take bari, ni dai in zoɓon na rakiyar waina ne ba na sa ta. Kuma kar ki bar shi ya kwana a tukunyar dalma, tsamin na cin ƙarfen, ki juye a roba mai murfi.

In kin je sayen shi a babbar kasuwa ki nemi mai duhun ja wanda ya bushe ƙayau, ki sa hannu ƙasan buhu ki ga ko akwai ƙasa da tsakuwa. Zoɓo namu ne, nan ƙasashen Katsina da Jigawa da Kano ake noma shi har ana fita da shi Meziko, don haka ba ki da dalilin karɓar marar kyau. Citta kuma yawancin wadda ke kasuwanninmu daga kudancin Kaduna take zuwa, wajen Kachia, tana da zafi sosai, ki sa da lissafi.

Sai yaji. Farfesun kaza ko na kan rago, tsire, balangu da aka barbaɗe da yaji, kilishi, gurasa bandashe. Abin da ke sa barkono zafi ba ya narkewa a ruwa, a maiƙo yake narkewa, shi ya sa za ki shanye ruwa leda biyu bakinki na nan yana raɗaɗi amma kurɓa ɗaya ta nono ki ji ya lafa. Tau duk inda kika sa abinci mai yaji ki ajiye abu mai kauri mai ɗan zaƙi a gefe, kunun aya da aka niƙa da dabino da kwakwa, ko yogot, ko kindirmo mai sanyi. Kunun aya da tsire wallahi haɗi ne da ba a cika yi ba amma duk wanda ya gwada sai ya nemi ƙari. Abin da ba ya tafiya da yaji shi ne lemon citta mai ƙarfi, zafi kan zafi ke nan, da lemo mai gas wanda shi ma yana tsikarar harshe.

Sai dai kunun aya yana da rigima, dole in tsaya a kanshi. Ba ya jure zafi ko kaɗan. A watan Afrilu ko Mayu da zafin Katsina ke haura digiri 40, in kika haɗa shi da safe kika bar shi waje, kafin azahar ya fara tsami, ya yi yauƙi, robar ta kumbura, kuma wanda ya sha shi a haka cikinshi ne zai gaya mashi. Ki jiƙa ayar tun dare ki wanke ta sau da yawa don tana ɗauke da tsakuwa, a kai niƙa da asuba kafin injin ya niƙa tattasai da albasar mutane, in ba haka ba ki sa a wanke injin a gabanki, ki tace da ruwan sanyi, ki ɗura a robobi ki binne su cikin ƙanƙara nan take. Kar ki dogara da firij tunda kin san halin wuta, ki yi odar ƙanƙara tun kwana biyu kafin ranar, lokacin zafi da lokacin azumi masu ƙanƙara rowa suke. In taron na dare ne ki haɗa shi da la'asar. In kin san ba ki da kula isassu tau ki haƙura da shi ki yi lemon tsamiya, ita tsamiya tana da haƙuri.

Kayan zaƙi kuma, alkaki, nakiya, dubulan, cincin, kek, ba sa son abin sha mai tsami, in kika ci alkaki wanda ya sha zuma kika bi da zoɓo sai ki ji zoɓon ya koma tsami zalla. Ba sa kuma son wani zaƙin a kansu. Shayi marar sukari sosai mai citta da kanumfari da na'ana'a shi ne abokinsu, ko madara mai ɗumi, ko ruwa kawai.

Tuwo fa? Tuwon shinkafa miyar taushe ko tuwon masara miyar kuka, gaskiya ruwa mai sanyi ya ishe shi, in an gama a kawo zoɓo ko lamurje. Kar ki haɗa fura da nono da tuwo a zama ɗaya, fura abinci ce mai zaman kanta, ki ajiye ta ma tsofaffi da baƙin da suka taso daga nesa, irin dangin da za su zo daga Daura ko Mai'aduwa ko Maraɗi su iso da rana tsaka a gajiye, su kam kofin fura mai sanyi ya fi masu komai. Haka kunun gyaɗa da kunun zaƙi, suna cika ciki, wurinsu safiyar suna tare da ƙosai ko waina. Mai jego kuma a bar ta da kunun kanwarta.

Yanzu bari mu zo kan kwalaben nan dogaye da ake jerawa a teburin amarya da ango a wurin dina, waɗanda muke ce ma wayin. Nan nake so ki buɗe ido sosai. Asalin wayin giya ce ta inabi, yawanci tana ɗauke da barasa kashi 11 zuwa 14 cikin ɗari, kuma kwalbarta da ta marar giya kusan iri ɗaya ce, wuya dogo, takarda mai ruwan gwal a baki. Wanda ake sha a bukukuwanmu ruwan inabi ne ko na tuffa da aka sa ma gas, irin su Eva da Pure Heaven da Veleta. In a gari za ki saya da wuya ki ci karo da mai giya a shagunan mutanenmu, matsalar tana zuwa ne in an yi maki saƙo daga Abuja ko Legas ko Kaduna, ko wata ƙawar aiki ta kawo gudummuwar katan, ko an kawo kwandon kyauta irin na ƙarshen shekara. Ki ɗauki kwalba ɗaya daga kowane katan ki juya ta. Ki nemi inda aka rubuta Alc ko Vol da lamba da alamar kashi a gefe. In kin ga 12% ko 7% ko 5% ki maida ita inda ta fito. Wadda kike nema ita ce aka rubuta 0.0% ko aka faɗa ƙarara ba barasa a ciki. Akwai kuma wata kala ta tsakiya, wadda asali giya ce aka yi ta sannan aka cire barasar, irin wannan takan rage da ɗan abin da bai wuce 0.5% ba, ni ba na sa ta a taro, in kina da shakka ki tambayi malaminku, amma mafi sauƙi ki tsaya kan ruwan inabin da bai taɓa zama giya ba. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa ma, don kayan da suka daɗe a sito suna yawan fitowa lokacin bukukuwa.

Wajen haɗa shi da abinci, jan ya fi zaƙi da nauyi a baki, yana hawa da gasasshen nama da soyayyar kaza da dambun nama. Farin da na tuffa sun fi sauƙi, su ne na kifi da soyayyar shinkafa da salak da su samosa. Dukkansu suna da sukari sosai, don haka kar ki ajiye su kusa da kek ki ce shi ke nan, a sa ruwa a teburin. A sanyaya su sosai kuma kar a girgiza, wanda zai buɗe ya kauda bakin kwalbar daga fuskar mutane, murfin na fita da ƙarfi, ga leshin amarya ga jan inabi, kin san sauran. Kwalba ɗaya santilita 75 ce, tana ba da kofi biyar zuwa shidda, tebur mai mutum takwas ko goma kwalba biyu ta isa tunda na ado ne da ɗanɗano, ba shi zai kashe ƙishirwa ba. A ra'ayina ma in kuɗi sun yi ƙaranci wannan ne farkon abin da za ki soke, zoɓo mai kyau a jug na gilashi da yankan kokwamba da lemon zaƙi a ciki ya fi shi kyan gani a hoto.

Lissafin yawa kuma ga yadda nake yi. Duk baƙo ki ware mashi ruwa biyu da abin sha ɗaya da rabi, lokacin zafi ruwa ukku. Jakar fiya wata leda 20 ce, kiret ɗin lemon kwalba 24. In kina sa ran mutum 100 a wuni, jaka 10 zuwa 15 ta ruwa ke nan, da abin sha wajen 150, ki raba shi zoɓo ya ɗauki rabi, kunun aya kwata, lemon kwalba ko maltina kwata saboda akwai waɗanda ba sa shan haɗin gida ko me kika yi. Robar santilita 35 ta fi ta 50 a biki, manyan ana sha rabi a yar. Zoɓo roba 75 a wannan girman bai kai lita 30 ba, jarka ɗaya da 'yan kai. Sannan kin san bikinmu, wadda kika gayyata za ta zo da ƙanwarta da ɗiyanta ukku da 'yar maƙwabta, ki ƙara kashi ɗaya cikin huɗu a kan duk lissafin da kika yi, ki kuma ɓoye kula ɗaya a ɗaki ki ba wata inna mai tsare gida makullin, na dangin ango ne da waɗanda za su zo bayan magariba. In ba ki yi haka ba tun la'asar za a kwashe a jakunkuna.

Lokacin hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, lissafin na juyawa. Abin sanyi ba ya tafiya sosai, musamman walimar maza da ake yi da safe ko bayan isha'i. Ki sa a kafa mai shayi da butocinshi a gefe, ko manyan fulas na shayi mai kayan ƙamshi da kunun gyaɗa mai zafi, ki rage ƙanƙara. Wajen ɗaurin aure kuwa ba a son dogon sha'ani, ruwa da goro da dabino da alawa, mutane na tsaye ne suna sauri.

Kar ki manta da masu ciwon suga, kusan kowane dangi akwai su kuma yawanci manya ne da ba za su buɗe baki su tambaya ba. Ki cire roba goma na zoɓo kafin ki sa sukari, ki ɗaura masu zare ko ki sa murfi mai wata kala daban, ki gaya ma masu rabo su kai ma su Hajiya da hannu. Kuma duk robar da za ki ɗura abu a ciki gara ki sayi sabbi da murfinsu a kasuwa, tsintattun nan ba ki san me aka zuba a ciki ba. In dole sai tsofaffin, a wanke da ruwan zafi da sabulu a kife su bushe tun jajibiri, ruwan haɗin ma ya zama wanda ke kanki za ki iya sha.

Ranar taron ki sa mutum biyu kan abin sha kaɗai, ba ruwansu da rabon abinci. Ɗaya na tsare kula tana fiddawa kaɗan kaɗan tana rufewa don kar ƙanƙara ta narke, ɗaya na bin masu kai abinci, inda aka ajiye waina ko jalof ta ajiye zoɓo, inda aka kai farfesu ta kai kunun aya, kowane faranti kuma da ruwanshi.