Darasi: Yadda Ake Tayar da Tsohuwar Mota Mai Injin V8

A Amurka, daga 1964 zuwa farkon shekarun 1970, an yi ta ƙera motoci masu ƙofa biyu da ƙaton inji mai silinda takwas, wanda ake kira V8. Pontiac GTO da Ford Mustang sun fito a 1964, Dodge Charger kuma a 1966. Tsadar mai ta 1973 da dokokin hayaƙi ne suka karya kasuwarsu. Yau masu sha'awa na zaƙulo su daga inda aka jibge su, su gyara. Injinsu na kafireta ne da kwantak, irin na tsohuwar Fijo 504, don haka bakaniken da ya san 504 ba baƙo ba ne a nan.

Motar da ta yi shekaru a ajiye, kada ka fara da murɗa makulli. Baƙin mai ya riga ya tsiyaye ya koma ƙasa, ƙarfe zai goga ƙarfe a bushe. Cikin ɗan lokaci sai a yi ɓarnar da shekaru ba su yi ba.

Fara shiga ƙarƙashinta. Ka ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe, kada ka amince da jak shi kaɗai. Ɗauki sukudireba ka soka a shasi da ƙasan but da gindin ƙofofi. In ya ratsa, tsatsa ta cinye wurin, sai walda. Bi jikin motar da maganaɗisu: inda ya ƙi kamawa, an cike wurin da fila an shafe da fenti. Inji ana iya saya, amma ruɓaɓɓen shasi yakan ci kuɗin da ya fi motar. A nan ne mai hankali ke yanke shawarar saye ko haƙura.

Sai inji. Kafin ka cire wayoyin fulogi, manna wa kowace ɗan tef ka rubuta lambar silindar da take kai wa wuta, daga 1 zuwa 8. A ƙaramin V8 na Chevrolet wuta na bin wannan jeri ne: 1-8-4-3-6-5-7-2. In wayoyi biyu suka sauya wuri, injin zai riƙa harbi ko ya ƙi tashi, ka wuni kana zargin kafireta alhali ba ruwanta. Cire fulogan, ka zuba kamar cokali ɗaya na baƙin mai a kowane rami, ka bar shi ya kwana biyu. Sannan ka sa soket a babban notin da ke gaban inji ka juya da hannu. In ya juya, madalla. In ya cije, kada ka sa ƙarfi, zoben fistin zai karye. Ƙara baƙin mai, ka ƙara jira.

Kula da sifana. Notocin waɗannan motoci da inci aka auna su. Rabin inci milimita 12.7 ne. Sifana mai lamba 13 za ta shiga, amma da ɗan sako-sako, kuma a kan noti mai tsatsa sai ta zame ta cinye kansa. Sayi jerin na inci tun farko.

Juye tsohon baƙin mai ka duba shi. In ya yi launin shayi mai madara, ruwa na shiga, wataƙila gasket ya ƙone. Tsohon fetur kuwa yakan zama danƙo, ya toshe ƙananan ramukan kafireta. Wanke tanki da kafireta, ka canza tiyon roba da fanbel, ka wanke lagireto. Ranar tayarwa ka ajiye abin kashe gobara kusa, kuma kada ka tsiyaya fetur a bakin kafireta wani na murɗa makulli. Wuta kan taso daga nan ta kama hannu.

Ko injin ya tashi, ba a fita titi sai an gyara birki. Yawancin motocin kafin 1967 layin man birkinsu ɗaya ne: tiyo ɗaya ya fashe, duk ƙafafu huɗu sun rasa birki. Man birki na shan ruwa daga iska, don haka a canza shi duka. Kada ka hura ƙurar birki da baki ko da iska. Tsofaffin takalman birki na iya ƙunsar asbestos, mai illa ga huhu. Goge ta da jiƙaƙƙen tsumma.

Taya ma tana tsufa ko ba ta yi tafiya ba. Daga shekarar 2000, lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke rubuce a gefen taya su ke faɗin lokacin da aka yi ta. 2315 na nufin mako na 23 na shekarar 2015.

Aiki

Karanta wannan lamba ta taya: 0819. A wane mako aka yi ta, kuma a wace shekara? Rubuta jerin wutar V8 na Chevrolet a littafinka ba tare da ka duba ba. Sannan ka bayyana wa na kusa da kai dalilin da ya sa ake juya inji da hannu kafin a sa batir.