Yadda nake sa Rockwell a allon shago

Duk wanda ya kawo mini aikin allo ya ce yana so a karanta sunan shagonsa tun daga tsallaken titi, salon haruffan kwamfuta mai suna Rockwell nake fara buɗewa. Kamfanin Monotype ne ya fitar da shi a 1934, amma danginsa sun girme shi nesa ba kusa ba. Tun 1815 wani maƙerin haruffan ɗab'i, Vincent Figgins, yake sayar da irin waɗannan haruffa a Landan, masu talla suna manna su a bango. Turawa har suna suka laƙaba musu, wai "na Masar", alhali ba abin da ya haɗa su da Masar sai yayin kayanta da ake yi bayan yaƙin da Napoleon na Faransa ya kai can.

Ka fara da iya gane shi. Kowane harafi a tsaye yake kan ƙafa mai faɗi kamar bulo, kaurinta kusan ɗaya da na jikinsa. O ɗinsa kamar an zana da bakin kofi, babban A kuma da ɗan rufi a ka. In ka ga ƙafar ta lanƙwasa kafin ta haɗu da jiki, wannan wani salo ne daban, Clarendon na 1845, ya fi taushi.

Suna kawai za ka rubuta da shi, kalma uku ko huɗu, da Rockwell Extra Bold. Lambar waya da adireshi ka bar wa Arial. In ka cika allo da shi, ƙafafun nan sai su yi wa ido nauyi, ba wanda zai tsaya karantawa. Kuma ka ɗan buɗa tsakanin haruffa, don in H ta zauna kusa da N ƙafafunsu taɓa juna suke yi. Idan wuri ya yi kaɗan, don Allah kada ka matse shi da linzami, sai O ta koma ƙwai. Akwai Rockwell Condensed, don haka aka yi shi.

Inda muke shan wuya shi ne haruffanmu masu ƙugiya. Wanda ke kwamfutata ba shi da ƙ, ɗ da ɓ. Na taɓa buga wa wata Hajiya allon ƙosai da kunu, kwamfuta ta aro Ƙ siririya daga wani salo ta dasa a gaban sauran masu ƙiba, ban lura ba sai da aka rataya. Da kuɗina na sake bugawa. Yanzu K nake rubutawa a manhajar zane ta CorelDRAW, in danna Ctrl+Q ta zama zane, in ja mata ƙugiya da hannu daidai kaurin jikinta. Ɗ da ɓ ma haka. Na ajiye su a fayil guda, sai dai in kwafo.

Kafin ka kai wa mai inji, ka mayar da dukan rubutun zane, don ba lallai yana da Rockwell a tasa kwamfutar ba.