Yadda ake ceto mai nutso idan ciwon sauyin matsi ya kama shi

Mutumin da ya goya tukunyar iska ya nutsa cikin teku, ko ma'aikaci ne da ke gyaran bututun mai a gaɓar Neja Dalta ko ɗan yawon buɗe ido a Bahar Maliya, yakan fito da wani haɗari a jikinsa wanda sau da yawa ba ya bayyana sai an kwance kaya an zauna hutawa. Wannan haɗari shi ne ciwon sauyin matsi. Maganinsa sananne ne, kuma mafi yawan waɗanda aka kai ɗakin matsi, wato tankin da ake ƙara matsin iska a ciki don yi musu magani, a kan lokaci suna warkewa, amma abin da mutanen da ke tare da majinyacin suka yi a sa'a ta farko yana da tasiri ƙwarai a kan ko zai koma gida da ƙafafunsa ko a keken guragu.

Kafin a zo kan matakan ceto, ya kamata a fahimci abin da ke faruwa a jiki. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitrojin ce, jiki kuwa ba ya amfani da ita. Kowane mita 10 na zurfin teku yana ƙara matsi daidai da na iskar da ke kanmu a bakin gaɓa, saboda haka wanda yake zurfin mita 30 yana shaƙar iska mai matsi ninki huɗu, kuma muddin yana can naitrojin tana ta narkewa cikin jininsa da tsokarsa da kitsensa. Idan ya hauro a hankali, huhu yana samun lokacin fitar da ita. Idan ya yi gaggawa, sai ta zama kumfa, kamar yadda kwalbar lemo take yi idan an buɗe ta farat ɗaya. Kumfar tana toshe ƙananan hanyoyin jini, tana danne jijiyoyi, tana kuma tayar da kumburi wanda kan ci gaba da ɓarna ko bayan ita kanta ta ɓace. Masanin Faransa Paul Bert ne ya tabbatar a 1878 cewa naitrojin ce ke haddasa wannan, sannan a 1908 John Scott Haldane ya tsara wa rundunar sojan ruwa ta Birtaniya jadawalin haurowa mataki-mataki, bayan gwaje-gwajen da ya yi da awaki.

Akwai nau'i na biyu wanda ya fi saurin kisa. Idan mai nutso ya firgita ya riƙe numfashi yana haurowa, iskar da ke huhunsa tana buɗewa har ta yaga huhun, ta shiga jini, ta nufi ƙwaƙwalwa. Wannan yana iya faruwa ko a ruwan da zurfinsa bai wuce mita biyu ba, matuƙar mutum ya shaƙi iska daga tukunya. Masu nutso irin na bikin kamun kifi na Argungu, waɗanda ke cika huhu a saman ruwa su nutsa su fito, ba su cikin wannan haɗari, domin iskar da suka shiga da ita ce suke fitowa da ita. Ga mai ba da taimakon farko, ba lallai ne ya bambance nau'o'in biyu ba, tunda mataki ɗaya ake ɗauka a kansu.

Aiki na farko shi ne a gane ciwon, kuma a nan aka fi yin asara. Wanda iska ta shiga jijiyar ƙwaƙwalwarsa yakan suma, ko ya ruɗe, ko ɓarin jikinsa ya shanye cikin mintuna goma da fitowa, wannan kuwa ba ya ɓuya ga kowa. Ɗaya nau'in ne yake zuwa da yaudara. Yakan fara da ciwo mai zurfi a kafaɗa ko gwiwar hannu wanda tausa ba ta rage shi, ko gajiyar da ta fi ƙarfin aikin da aka yi, ko ƙaiƙayi da jirwayen ja da shuɗi a fatar ciki da ƙirji. Idan kumfa ta taɓa laka, sai a ji kamar ana soka wa jiki allurai, ƙafafu su yi nauyi, tafiya ta zama tangaɗi, wani lokaci fitsari ya ƙi fita. Idan ta taɓa cikin kunne, sai hajijiya da amai da raguwar ji. Tari da ciwon ƙirji da ƙarancin numfashi alama ce ta cewa kumfa ta cika jijiyoyin huhu, kuma wannan yanayi ne na rai kwakwai mutu kwakwai. Alƙaluman rundunar sojan ruwa ta Amurka sun nuna cewa kashi 42 cikin 100 na alamomin suna bayyana cikin sa'a ta farko, kashi 83 cikin sa'a takwas, kashi 98 cikin sa'a 24.

A ganina, babban abin da ke jinkirta magani shi ne musun majinyacin kansa. Zai ce ɗaukar tukunya ce ta gurɗe masa kafaɗa, ko kuma kwamfutar da ke ɗaure a hannunsa ba ta nuna ya karya doka ba, don haka ba zai yiwu ciwon ya kama shi ba. Kada a karɓi wannan hujja. Kwamfutar lissafi kawai take yi bisa zurfi da lokaci, ba ta auna abin da ke cikin jini, kuma mutane da yawa sun kamu alhali sun bi duk abin da ta ce. Duk wata baƙuwar alama da ta bayyana cikin sa'a 24 bayan nutso, a ɗauke ta a matsayin ciwon sauyin matsi har sai likita ya ce ba shi ba ne.

Da zarar an yi zargin ciwon, sai a duba ko mutumin yana numfashi. Idan ba ya yi, a fara danna ƙirji da hura masa iska kamar yadda ake yi wa duk wanda zuciyarsa ta tsaya. Idan yana yi, a kwantar da shi a miƙe. Idan yana amai ko hankalinsa ya gushe, a juya shi gefe don kada ya shaƙe. A da ana koyar da cewa a sunkuyar da kansa ƙasa a ɗaga ƙafafu, amma an daina wannan saboda yana iya ƙara kumburin ƙwaƙwalwa.

Daga nan sai oksijin, wadda ita ce mafi muhimmancin abin da za a iya yi kafin a isa asibiti. Ana so majinyaci ya shaƙi oksijin zalla gwargwadon iko, ta takunkumin da ke sakin iska duk lokacin da aka ja numfashi, ko kuma takunkumi mai jaka wanda aka buɗe zuwa lita 15 a minti. Ɗan siririn bututun da ake saƙalawa a hanci bai isa ba. Hikimar ita ce, idan babu naitrojin a iskar da ke shiga huhu, wadda ke cikin jini da cikin kumfa za ta fi saurin fita, sannan sassan jikin da jini ya ragu gare su za su sami abin da za su rayu da shi. A ci gaba da bayarwa ba tare da yankewa ba har a miƙa shi ga likita ko tukunyar ta ƙare. Sau da yawa bayan rabin sa'a sai ciwon ya lafa, majinyaci ya cire takunkumi ya ce ya warke. Wannan sauƙin hujja ce da ke ƙarfafa zargin ciwon, kuma alamomin suna iya dawowa bayan an tsayar da oksijin, saboda haka tafiya wurin likita tana nan daram.

Idan yana cikin hayyacinsa kuma yana iya haɗiya, a ba shi ruwa yana kurɓa a kai a kai, amma ban da barasa. A kare shi daga sanyi da zafin rana. Wani daga cikin mutanen ya ɗauki takarda ya rubuta zurfin da aka kai, da tsawon lokacin da aka yi, da yawan nutson da aka yi a kwanakin, da lokacin da kowace alama ta fara. Ya tambayi majinyacin sunansa da ranar da ake ciki, ya sa shi ya matse hannu, ya ɗaga ƙafa, ya bi yatsa da ido, a riƙa maimaita wannan gwaji ana rubuta duk canjin da aka gani. Kwamfutar nutson kuma ta bi shi zuwa asibiti. Abokin nutsonsa ma a sa masa ido, tunda zurfi ɗaya suka shiga.

Abu ɗaya da ya kamata a guje masa shi ne mayar da mutum cikin ruwa da tukunyar iska ta yau da kullum wai don kumfar ta narke. Yin haka yana ƙara masa naitrojin, kuma idan ya suma a ƙasa sai nutsewa. Akwai ƙwararrun da ke yin magani a cikin ruwa da oksijin a wurare masu nisa, amma da horo na musamman da kayan aiki na musamman suke yi.

Tun ana kan ba da oksijin ya kamata a kira motar asibiti, a kuma kira likitan da ya san harkar nutso. Ƙungiyar DAN (Divers Alert Network) mai kula da lafiyar masu nutso, wadda aka kafa a 1980 a Jami'ar Duke ta Amurka, tana da layin gaggawa da ke aiki dare da rana, kuma tana taimakawa wajen gano ɗakin matsin da ke aiki a kusa. Shawarar da aka fi bayarwa ita ce a fara kai majinyaci asibiti mafi kusa, a daidaita numfashinsa, a yi masa ƙarin ruwa, a duba ko huhunsa ya fashe, domin shigar da mai fasasshen huhu ɗakin matsi ba tare da an sa masa bututu a ƙirji ba yana iya kashe shi. Idan da jirgin sama za a ɗauke shi, kada jirgin ya wuce tsayin mita 300, sai dai idan irin wanda ake iya riƙe matsin cikinsa daidai da na bakin teku ne.

Ɗakin matsi tanki ne na ƙarfe mai ƙofa da ƙananan tagogi. Wani ɗakin mutum ɗaya yake ɗauka, wani kuma yana ɗaukar majinyaci da ma'aikacin jinya da zai zauna tare da shi. Tsarin da aka fi bi a duniya shi ne Jadawali na 6 na rundunar sojan ruwa ta Amurka. Ana ƙara matsi har ya kai na zurfin mita 18, wato ninki 2.8 na matsin bakin teku, majinyaci ya shaƙi oksijin zalla na minti 20, ya huta da iska ta yau da kullum na minti 5, a yi haka sau uku. Daga nan a rage matsi cikin rabin sa'a zuwa na mita 9, a ci gaba da oksijin na tsawon lokaci tare da hutu, sannan a sake ɗaukar rabin sa'a kafin a buɗe ƙofa. Duka-duka sa'a 4 da minti 45 ke nan, kuma likita yana iya tsawaitawa idan alamomin ba su gushe ba. Akwai Jadawali na 5, mai sa'a 2 da minti 15, wanda ake keɓe wa ciwon gaɓa kawai da ya lafa da wuri.

Mutane sukan zaci matsin ne kaɗai yake maganin, ta hanyar murƙushe kumfa. A matsin mita 18 girman kumfa yana komawa kusan kashi ɗaya cikin uku, amma faɗinta bai ragu da ko kashi 30 cikin 100 ba, saboda haka babban aikin oksijin ce take yin sa: tana jawo naitrojin daga cikin kumfar, tana ciyar da laka da ƙwaƙwalwa, tana rage kumburi. Hutun da ake bayarwa tsakani kuwa don kauce wa gubar oksijin ne, domin a irin wannan matsi tana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Majinyaci ya sanar da ma'aikaci nan take idan ya ji leɓensa yana rawa, ko ganinsa ya ƙuntata, ko tashin zuciya. Ya kuma riƙa daidaita kunnensa yayin da ake ƙara matsi, kamar yadda yake yi a ruwa. Saboda haɗarin gobara, ba a shiga da ashana ko waya ko man shafawa, kuma tufafin auduga ake sa wa mutum.

Wanda ciwon ya taɓa lakarsa yakan buƙaci a sake shigar da shi ɗakin a kwanakin da ke biye har sai sauƙin ya tsaya cak, daga nan a koma gashin ƙashi da motsa jiki. Ko an makara da kwana ɗaya ko biyu, bai kamata a fasa zuwa ba, domin ana samun amfani. Abin da rashin magani ke haifarwa a bayyane yake a gaɓar Honduras da Nikaraguwa, inda masu nutson ƙabilar Miskito da ke kamun lobsta, wata halittar teku dangin ƙaguwa, suke shiga zurfi sau da yawa a rana da tsofaffin kaya, nesa da ɗakin matsi, kuma da yawansu sun ƙare da shanyewar ƙafafu. Bayan sallama, likita ne zai faɗi lokacin hawa jirgi, wanda galibi ba ya gaza kwana uku, da kuma lokacin komawa ruwa. Idan ciwon ya kama mutum ba tare da wani dalili na fili ba, musamman idan ya shafi fata ko kunne ko ƙwaƙwalwa, akan duba zuciyarsa, saboda kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana da 'yar ƙofa tsakanin ɗakunan zuciya na sama wadda ba ta rufe ba tun haihuwa, kuma kumfa tana iya bi ta nan ta tsallake huhu.

Rigakafin ba shi da wuyar faɗa. A hauro da saurin da bai wuce mita 9 zuwa 10 a minti ba, a tsaya minti uku a zurfin mita 5, kada a taɓa riƙe numfashi, a sha isasshen ruwa, a guji aiki mai nauyi da wanka da ruwan zafi daga fitowa. Tun kafin a bar gaɓa a tabbatar akwai tukunyar oksijin cikakkiya a jirgin ruwan, da wanda ya iya amfani da ita, da lambar ɗakin matsi mafi kusa. Ƙa'idar DAN ta hawa jirgin sama ita ce a jira aƙalla sa'a 12 bayan nutso guda, sa'a 18 bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere, fiye da haka sosai idan nutson ya buƙaci tsayawar dole a hanyar haurowa. Ƙa'idar ta shafi hawa tudu da mota ma: wanda ya yi nutso da rana a Dahab ta ƙasar Masar, sannan da dare ya bi ayarin masu hawa Dutsen Sinai, mai tsayin mita 2,285, ya jefa kansa cikin haɗari iri ɗaya da wanda ya hau jirgi, don haka sai ya fara da dutsen ko ya bar shi sai lokacin jiran ya cika.