Yadda na ceto fayilolin Yaya daga faifan laftof da ya lalace

Laftof ɗin Yaya ta ƙi tashi, ga lissafin shagonsa na kasuwar Wunti duk a ciki.

Na ciro faifan ajiyar, na jona shi da kwamfutata ta wayar SATA zuwa USB (SATA ita ce mahaɗar da ke jikin faifan), na kara kunne. Yana juyawa sumul, babu ƙwas-ƙwas. Da na ji wannan ƙarar, da na kashe nan take, domin alama ce allurar da ke karanta faifan ta lalace, kunnawa kuwa ƙara kankare faifan take yi.

Windows ta nemi in yi fomat, wato in share faifan, na ƙi. Na tayar da kwamfutata da Ubuntu (wata manhajar tafiyar da kwamfuta irin Windows) daga filashi, na sa ddrescue, shirin kwafar faifai masu matsala, ya kwafe faifan kaf zuwa wani da ya fi shi girma. Yana fara kwashe wuraren da ke da lafiya, masu matsala sai daga baya. Yana kuma rubuta inda ya tsaya, ko an ɗauke wuta sai ya ɗora daga nan. Mu a Bauchi mun san darajar wannan.

A kan kwafin na saki PhotoRec, shirin da ke lalubo fayilolin da suka ɓace, ban sake taɓa na asalin ba. Fayilolin Excel sun dawo, amma babu sunayensu, lambobi kawai.

"Yaya, tantancewar kuma taka ce," na ce masa.